Ƙusar Bangon Sakatariya

Babayo ya dawo daga Japan da jaka ɗaya.
An tura shi koyon ban-ruwan shinkafa,
ya kawo min koren shayi mai ɗaci
da labarin da ban tambaye shi ba.

Muna zaune a Dadin Kowa, kan kwalbati,
ruwan dam na wucewa ƙarƙashin ƙafafunmu.
Ya ce, Baffa, su ma suna da gwamnoni,
arba'in da bakwai.
Na ce, Allah ya ba su haƙuri.

Ya ce da can masu takobi ke riƙe da ƙasa,
kowa da gandunsa, harajinsa buhun shinkafa.
A alif ɗari takwas da saba'in da ɗaya
aka ce kowa ya sauke,
ƙasa ta koma hannu ɗaya.
Yankuna fiye da ɗari uku
aka yi ta haɗe su kamar mai ɗinkin tsumma
har suka tsaya inda suke yau.
Gwamna kuwa daga Tokyo ake aiko shi,
takarda a aljihu, 'yan sanda a tafin hannu,
baƙo ne, bai san sunan rafin garin ba,
kafin kunnensa ya saba da karin harshensu
an ɗauke shi, an kawo wani.

Na ce, dakata.
Wannan mutumin na san shi,
na sha kai masa ruwan alwala.
Shekara talatin da ɗaya ina masinja a Deba.
Rediyo ya tashe mu da badujala,
kafin azahar an ce, Manu, ɗauko benci.
In hau, in sauke hoto, in goge ƙura da hulata,
in rataya sabo.
Masu kaki, masu babbar riga,
kantoma bayan kantoma.
Fuska ke sauyawa.
Ƙusar nan ɗaya ce, ni na kafa ta da dutse.

Ya ce, to bayan yaƙi ya cinye biranensu,
a arba'in da bakwai, aka miƙa wa mutane akwati.
Manomi ya jefa, matarsa ma ta jefa.
Shekara huɗu, sai a dawo a tambaye su.
Majalisar yanki na iya cewa ba mu yarda da kai ba,
shi kuma yana iya rushe ta,
kowa ya koma gaban jama'a.
Girgizar ƙasa ta zo, shi za a nema,
asibiti, hanya, madatsar ruwa, shi.

Na ce, ashe sun huta.
Ya sosa ƙeya.
Wai a zaɓen farko, da yawan waɗanda suka ci
tsofaffin 'yan aiken nan ne, sun sake hula kawai.
Kuma har gobe kaso mai tsoka na kuɗin
daga Tokyo yake gangarowa.
Na ce, yaro, akuya ko an kwance ta
tana tuna inda turke yake.

Amma abu ɗaya ya hana ni barci.
Ya ce in mutane suka gaji kafin wa'adi
sai su bi gida-gida da takarda,
kowa ya sa hannu,
in hannuwa sun cika, a sake ƙuri'a,
a sauke shi.

Ni da na sauke hotuna sun fi ashirin,
ko sau ɗaya ba don na ga dama ba.

Ƙofar ruwan layinmu damina uku ke nan a karye.
Shayin ya huce, ban sha ba.
Na dubi babban yatsana,
tawadar zaɓen bara ta daɗe da fita.
Na ce, Babayo, wannan takardar,
da biro suke sa hannu
ko dangwale ma ana karɓa?